Hannuwan da Auta ta Zana

Tun da idon Inna ya tafi, mijinta ya zama idonta a gaban talabijin. Ba wanda ya ɗora masa aikin, shi ya ɗora wa kansa. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar mota a dogayen hanyoyi, yana hira da sitiyari don kada barci ya sace shi, to da ya ajiye tuƙi bakin bai ajiye ba. Maƙwabta da suka gaji da jin muryarsa ta taga suka laƙaba masa Rediyo, ya kuwa karɓi sunan hannu biyu.

Yadda suke yi, yakan zauna a hagunta, don kunnen nan ya fi ji, ya riƙe rimot kamar wanda aka ba sandar mulki. Sai ya shiga faɗa mata wanda ya shigo, da irin rigar da ya sa, da wanda ya ɓata rai, da wanda kallo ɗaya za ka yi masa ka san ba mutumin kirki ba ne. Doka ɗaya Inna ta kafa masa, cewa ya faɗi abin da ke wurin, ba abin da yake so ya kasance ba. Shi kuwa yakan ɗan taka dokar nan da can. In saurayi da budurwa suka matso kusa fiye da kima, sai ya yi gyaran murya ya ce suna gaisawa. Inna ta san irin gaisuwar, takan dai yi murmushi ta ƙyale shi.

'Yarsu ta ƙarshe, Auta, ita ce mai zane. Tun tana rarrafe ba bangon da ya tsira daga gawayinta, kuma duk kalandar da ta shigo gidan sai an tarar da bayanta cike da kyanwoyi da fuskokin baƙi. Ta girma da abinta, ta yi karatunsa, har ta samu aiki a wani kamfani da ke yin katun, irin zanen nan mai motsi da iyali ke zama su kalla tare. Rediyo ba ya rasa wanda zai tare a hanya ya gaya wa haka. Inna kuwa ba ta taɓa hanawa ba, ba ta kuma taɓa cewa madalla ba. Zanen abu mai rai ya tsaya mata a rai tun tana yarinya, kuma ita ba mace ba ce da ke faɗin abin da bai kai zuciyarta ba don kawai a ji daɗi.

Wannan shirun ya daɗe yana cin Auta. Ranar da ta zo gida da fim na farko da hannunta ke ciki, ta durƙusa gaban uwar ta ce ta gaji da aiki da rabin zuciya. Ta ce Inna ta zauna Baba ya ba ta labarin fim ɗin daga farko har ƙarshe, in ta ce a ci gaba za ta ci gaba, in ta ce a bari za ta ajiye alƙalami ta nemi wata sana'a. Inna ta ce ta ji, a bari sai gobe bayan la'asar.

Rediyo ya san matarsa, ya san 'yarsa, taurin kai iri ɗaya Allah ya raba musu. In uwar ta ce a'a ba za ta janye ba, in 'yar ta ce ta ajiye to ta ajiye ke nan. Shi kuma ba ya so ta ajiye. Ya ga yadda fuskar yarinyar nan take haske in tana zane, bai taɓa ganinta haka a kan wani abu ba.

Da safe ya saci jiki da ɗan filashin da fim ɗin ke ciki ya nufi shagon Tela, don direban kirki ba ya ɗaukar fasinja a hanyar da bai taɓa bi ba. Tela amininsa ne tun kafin furfura, Kirista ne, mai rera waƙa a coci da muryar da Rediyo ke cewa ita ke korar tsuntsaye daga rufin. Yana da 'yar talabijin a saman kantar shagon, tsakanin ƙullin ƙyallaye da gwangwanin maɓallai. Ya ture keken ɗinki gefe, ya rataya tef a wuya, suka zauna.

Fim ɗin ba shi da yawan magana, kiɗa ya fi yawa. Labarin gida ne mai hawa biyu. A ƙasa akwai mai gasa burodi da iyalinsa, a sama akwai tsoho mai gyaran agogo da matarsa, waɗanda ɗansu ya yi fushi ya bar gida da daɗewa. 'Yar mai burodi tana da ɗan rago da take ji da shi, ran nan ya tsinke igiya ya ɓace, ta bazama nemansa. Rediyo ya fara sakin jiki, yana cewa ai wannan ko jariri a nuna masa. Sai ga gicciye a bangon mai burodi. Sai ga iyalin sun kama hannun juna a kan tebur sun sunkuyar da kai. Sai ga ƙararrawar coci tana kaɗawa.

Tela kuwa abin nema ya samu. Ya shiga bayani ba a tambaye shi ba, ya ce wannan ragon da ya ɓata ai daga littafinsu aka ɗauko shi, misalin makiyayin da ya bar garke duka ya tafi neman guda ɗaya, kuma ɗan da ya bar gida shi ma yana ciki. Da aka hau sama wurin mai agogo ya ce waɗannan Yahudawa ne, ga 'yar hular nan a tsakiyar kai. Rediyo ya tambaye shi ɗan ƙaramin akwatin da ke manne a jikin ƙofa, wanda tsohon ke taɓawa duk shiga da fita. Tela ya ce ma'ajiyar makulli ce. Can da ya ga ba a taɓa ciro makulli daga ciki ba, ya sosa ƙeya ya ce ya tuna, ayoyi ne a rubuce a ciki, fastonsu ya taɓa faɗa. Rediyo ya ce masa in bai sani ba ya ce bai sani ba, ba za a ƙwace masa almakashi ba.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Rana ta faɗi a cikin fim ɗin, matar mai agogo ta yafa mayafi, ta kunna kyandir biyu. Tela ya ce yammacin Juma'a ne, ranar hutunsu ce za ta shiga, uwar gida ke kunna wuta ta rufe ido ta yi addu'a. Hoton ya matso kusa har fuskar matar ta fita, ba a ganin komai sai hannuwanta. Suka zagaya saman harshen wutar a hankali, tafin a buɗe, kamar masu tambayar wutar ina take. Sannan suka tashi suka rufe fuskar.

Ƙaramin yatsan hannun dama a lanƙwashe yake. A gindin babban yatsa akwai tabon ƙuna. Rediyo ya san ranar da ƙofar motarsa ta datse wancan yatsan, don shi ya rufe ƙofar. Ya kuma san wannan zagayen, haka Inna ke yi a saman risho tun da ta daina gani, tana auna zafi kafin ta ɗora tukunya. Hannun matarsa ne, mai carbi, mai tashi sallar asuba kafin ladan, aka ɗora a kan ibadar wasu.

Ya ce Tela ya kashe. Tela ya kashe, don shi ma ya gane hannun, ya sha karɓar kofin shayi daga gare shi. Ya ba shi shawara ya gaya wa Inna gaskiya, ya ce matar nan ta fi su hankali su biyun a haɗe. Rediyo ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ya zare filashinsa ya tafi, ko ƙarshen fim ɗin bai gani ba.

Ya tarar da Auta tana shanya a bayan gida, ya tambaye ta ƙasa-ƙasa. Ba ta musa ba. Ta ce wannan wurin aka ba ta ta zana, ta kalli hotunan matan da ke yin abin da gaske har ta haddace, don kada ta yi musu kuskure a addininsu. Amma duk sanda ta ɗora alƙalami, hannun Inna ke fitowa. Ta goge ta sake, ta goge ta sake, daga baya ta bar shi.

"Baba, don Allah ka faɗa mata duka," in ji ta. "Kada ka rage komai."

Ya ce to. Bakinsa ne ya ce to, zuciyarsa ta riga ta gama shirya wata hanyar.

Bayan la'asar Inna ta zauna a kujerarta da carbi a hannu, ya zauna a hagunta. Auta ta kasa zama. Ta ce za ta wanke kwanuka, ta shige kicin, alhali kwanukan nan tun azahar suke a kife.

Rediyo ya fara da ƙwarewarsa. Ya zana mata gidan da baki, ya faɗi tumbin mai burodi da yadda gari ya yi masa fari a gira, ya kwaikwayi kukan ɗan rago har Inna ta yi dariya ta ce Allah ya shirye shi. Da aka zo gicciye ya ce akwai wani ɗan katako a bango, na ado. Da iyalin suka kama hannu suka sunkuya ya ce suna jira abinci ya huce. Da ƙararrawa ta kaɗa ya ce an tashi 'yan makaranta. Akwatin jikin ƙofa kuwa ya ari ƙaryar Tela ya ce na makulli ne. Kowace ya faɗa sai ya saci kallon fuskarta, ya ga ba ta motsa ba, carbin dai na tafiya. Ya ji daɗi, har ya fara yaba wa kansa.

Rana ta faɗi, matar ta yafa mayafi, kiɗan ya yi ƙasa ya koma goge shi kaɗai. Rediyo ya ce matar mai agogo ta hura wuta za ta ɗora girki, ga ta nan tana ta fama.

"Tsayar da shi," in ji Inna.

Ya danna. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ruwan famfo a kicin.

"Malam, wane irin girki ne babu motsin tukunya, babu cokali, sai goge yana kuka kamar an yi rashi? Makancewa na yi, ban kurmance ba. Ƙararrawar can ma ta coci ce, na san ta tun kafin in san ka."

Ya fara kame-kame, ya ce ai shi ya ga kamar ba sai an shiga waɗannan ba, labarin rago ne kawai. Ta bar shi ya gama. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba ta ɗagawa, shi ya sa nata faɗan ya fi zafi.

"Gaisuwar da kake faɗa min a finafinan banza na ƙyale ka, don ba wanda zai cutu. Wannan kuwa yarinya ta ɗora aikinta a bakina. In na ce mata na yarda a kan abin da ba shi ba ne, wace irin albarka na sa mata? Kai ka ba ta, ba ni ba. Mayar da shi farko."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba tun yana yaro. Shi a ganinsa taimakon 'yarsa yake yi, ashe ƙwace mata abin da ta zo nema yake yi. Ya mayar da fim ɗin farko. Wannan karon ya kira gicciye gicciye, ya ce addu'a suke yi kafin su ci, ya ce na ƙasa Kiristoci ne na sama Yahudawa, ya faɗi abin da ke cikin akwatin ƙofa da abin da Tela ya ce game da makiyayi. Inna tana tambaya yana amsawa. Ta so ta san ko matan biyu suna shiri, ya ce sosai, ta ƙasa tana aika burodi sama, ta sama tana riƙe mata jariri. Ta ce to, maƙwabtaka ke nan.

Suka sake isowa wurin kyandir. Ya ce matar ta kunna biyu, ranar ibadarsu ce ta shiga. Ya ce tana zagaya hannu a saman wutar, yanzu ta rufe fuska tana addu'a. Ya tsayar da hoton da kansa. Ya ajiye rimot, ya kamo hannunta na dama, ya taɓa ɗan yatsan da ya lanƙwashe, ya taɓa tabon.

"Da wannan, da wannan, duk suna ciki," ya ce. "Hannunki ne ta zana mata."

Carbin ya tsaya. Rediyo ya ji kamar ya saki sitiyari a gangara. Inna ta shiga shafa yatsan da ɗaya hannun kamar yau ta fara saninsa. Sannan ta ɗaga murya kaɗan ta kira Auta, ta ce ta rufe famfon nan haka ta zo, kwanukan sun gode.

Auta ta shigo hannunta jiƙe, ta durƙusa. Inna ta tambaye ta abin da matar ke faɗa a bayan tafin hannunta. Auta ta ce akwai kalmomin da suke faɗa na godiya ga Allah, bayan su kuma mace takan roƙa wa 'ya'yanta abin da take so, wannan tana roƙon ɗanta ya dawo. Inna ta tambaya ko ita matar ta san an ba ta hannun wata. Auta ta yi 'yar dariya cikin hawaye ta ce matar ai zane ce. Inna ta ce ta sani, tsokana take yi.

"Yaushe kika kalle ni haka?"

"Kullum, Inna. In kina girki, in kin idar da salla."

"Ni da na ɗauka tun da na daina ganin mutane su ma sun daina ganina." Ta juya hannun a cinyarta. "Sun tsufa?"

"Sun tsufa. Sun yi kyau."

Inna ta ce ƙaryar gidan nan dai gado ce. Sannan ta yi maganar da Rediyo ya kwana yana tsoro, sai dai ba yadda ya zata ta fito ba. Ta ce addinin matar nata ne, ita ma nata nata ne, ba ta kunna kyandir, ba kuma za ta fara ba. Amma uwar da ke rufe ido tana kiran sunan ɗanta a gaban Allah, wannan ta san ta, ba baƙuwa ba ce, kuma ba ta jin ciwon ara mata hannu. Ta ce maganar zanen mai rai har yanzu tana nan a ranta, ba za ta yi ƙarya ta ce ta fita ba, za ta ci gaba da nema musu gafara ita da Auta kamar yadda ta saba.

"Ke kuma ki koma bakin aikinki. Wanda ya iya kallon mutum haka bai kamata a ce ya rufe ido ba. Allah ya yi miki albarka, ya tsare miki hannunki."

Auta ta kifa kai a gwiwar uwar. Rediyo ya juya yana neman wani abu a bayan kujera da shi kansa bai san ko mene ne ba. Daɗi ya cika shi, ga kuma kunya ba ta gama sakinsa ba.

Inna ce ta katse su, ta ce a kunna mata abinta, ita ba ta ji an ga rago ba. Ta kuma ce an sauke Malam daga aiki na yau, Auta ta hau kujerar hagu. Auta kuwa ba ta iya ba ko kaɗan. Sai ta tsaya bayanin yadda aka yi hasken taga da wanda ya zana gashin rago, labari na wucewa. Rediyo yana gefe a kan 'yar kujera, bakinsa na ƙaiƙayi, yana cije leɓe. Da ƙyar dai aka gane cewa yarinyar ta ga ragonta a wata tashar jirgin ƙasa, a hannun wani saurayi mai gyaran agogon tashar, kuma ta ja saurayin har gida don babanta ya gode masa.

Wata Juma'ar ta zo a cikin fim ɗin. Matar ta kunna kyandir, ta zagaya hannu, ta rufe fuska. A bayanta ƙofa ta buɗe, saurayin ya tsaya a bakinta, ya ɗaga hannu ya taɓa ɗan akwatin. Auta ta buɗe baki za ta faɗa, muryar ta ƙi fita.

"Me ya faru?" in ji Inna. "Kun yi shiru. Malam, faɗa min."

Rediyo bai taɓa ganin wurin ba, shi ma yanzu yake gani. Ya matso da kujerarsa.

"Ɗanta ne, ya dawo. Yana tsaye a ƙofa. Ta sauke hannunta, ta buɗe ido, ta gan shi."

Inna ta ce alhamdu lillahi. Ta ajiye carbin a cinya, ta miƙa hannu biyu tana lalube har ta sami fuskar Auta, ta bi goshin da yatsa, ta bi girar, ta sauko kumatun da ke jiƙe. Ta riƙe ta haka, fim ɗin yana ta tafiya ba mai ba da labari.